Kaskon Muttaka a Gidan Ƙanƙara

Abin ya fara ne ranar Asabar, sha takwas ga Janairun 2025, da ƙarfe goma saura kwata na safe, lokacin da Muttaka ya shiga gidan ƙanƙara ta ƙofar ma'aikata da manyan jakunkuna biyu, ya gaya wa mai gadi maganin sanyi ne a ciki.

Gidan ƙanƙarar yana hawa na bakwai na wani katafaren kanti kusa da Titiwangsa. Ɗaki ne da ya kai rabin filin ƙwallo, injuna na hura masa sanyi suna zubo da ƙanƙara mai laushi kamar garin rogo. An tara ta ta yi tudu. Mutanen Kuala Lumpur, waɗanda Allah bai ɗora wa sanyi ba, su ke zuwa da ƙafarsu su neme shi: su hau tudun su sulalo, yara a cikin taya, manya a kan dogayen katakai biyu da ake ɗaura wa ƙafa. Aikin Muttaka shi ne kula da baƙi. Ya ba su rigar sanyi da takalma da hular kwano, ya nuna musu hanya, ya saurari ƙorafi, ya yi murmushi.

Ba wannan ne aikinsa na farko a garin ba. Ya sayar da kilishi a Chow Kit har damina ta sa masa funfuna. Ya yi dillancin gidaje, ya bai wa ɗalibai uku da ba su san juna ba makullin ɗaki ɗaya. Duk da haka Darakta yake so a kira shi, kuma ana kiransa, don mutane a baƙon wuri ba su da abin dariya da yawa. Matarsa Husainatu ce ke riƙe da gidan. Tana tuƙa tuwo a gidansu na Sentul, ɗalibai na saye. Ranar da ya samu wannan aikin ta ce masa, "Baban Mubina, idan wannan ma ya kuɓuce, ga babur can ga kula. Kai za ka riƙa kai wa yaran nan tuwo har ƙofar ɗaki." Babu abin da Muttaka ke tsoro a duniya kamar ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗalibin da ya taɓa yi wa lacca kan sirrin arziki, da kular tuwo a hannu.

Manajar wurin, wata mata mai ƙarancin magana da ake kira Puan Zaleha, wato Madam Zaleha, gwajin wata ɗaya ta ba shi, kuma wannan Asabar ce ranar ƙarshe. Tana da biki a Kampung Baru, ba za ta dawo ba sai bayan azahar. Kafin ta tafi ta ɗaga masa yatsa guda, ta kira shi da Encik, wato Malam a Malayanci.

"Ƙorafi ɗaya, Encik Muttaka. Ɗaya kawai, shi ke nan lah."

Shi kuwa tuni ya gama shirinsa, ya ma baje shi ranar Alhamis da yamma a shagon shayin Indiyawan nan da ake kira mamak, a gaban abokinsa Sha'aibu, wanda ya zo yin digiri na uku kan ƙasar noma ya ƙare da ƙwarewa a kan Muttaka.

"Mutanen nan suna da inji," in ji Muttaka, "amma ba su iya karɓar baƙo ba. Mutum ya taso takanas ya zo wurinka, ka cilla masa riga ka ce na baya ya matso. Ba gaisuwa, ba ruwa, ba rakiya. Ranar Asabar zan nuna musu yadda ake yi a gida. Kafin Litinin matar nan da kanta za ta tashi ta ba ni kujera."

"Darakta, kai ka taɓa hawa katakon nan kuwa?"

"Ni da na yi bautar ƙasa a Pankshin? Ruwan alwala sai na fasa shi da dutse."

"Bara da cokali ka ce."

"A shekara ta biyu sanyin ya ƙaru."

"Bautar ƙasa shekara ɗaya ce."

"Tawa sai da suka roƙe ni na ƙara."

Don a samu shaidu, ya gayyato 'yan ƙungiyar Hausawan garin gaba ɗaya, ya ce a zo da shigar da za ta fito da martabar gida.

Da aka buɗe ƙofa ya tsaya a bakinta, ya fara da gaisuwa. Na farko a layi wani Basine ne da matarsa da 'ya'ya biyu. Muttaka ya kama hannunsa, ya haɗa Turanci da Malayanci ya tambaye shi yadda ya kwana. Ya tambayi gajiya. Ya tambayi iyali, duk da ga su a tsaye. Ya tambayi aiki, ya tambayi tsofaffi na gida, ya koma kan jiki. Mutumin ya dubi matarsa, ya zaro katin asibiti ya miƙa, don ya ɗauka binciken lafiya ake yi kafin a shiga. Da labarin ya bi layi, wata tsohuwa ta fara lissafa wa Muttaka magungunan hawan jininta tun daga nesa. Layi ya miƙe ya wuce shagon takalma, ya gangara matakala mai tafiya da kanta, har na ƙarshe suna hawa suna komawa da baya.

"Ka gani?" Muttaka ya ce wa Sha'aibu, wanda ya riga kowa zuwa don kada komai ya wuce shi. "Tunda aka buɗe wurin nan ba a taɓa ganin layi haka ba."

"Gaskiya ne. Da can shiga suke yi."

Sai ga 'yan ƙungiya. Sun ji maganar martabar gida da kyau. Maza sun sha manyan riguna na shadda da sitaci, suna tafe suna ƙara kamar ana murza takarda. Mata sun ɗaura gwaggwaro. A gaba akwai shugaban ƙungiya, Malam Abdurrahim, mutum mai jiki da nauyin kai, yana riƙe da hannun mahaifiyarsa Hajiya Ɗelu, wadda ta zo daga Gaya ganin jika. Husainatu na can baya, ta naɗe hannu tana kallo.

Rigar sanyi ta ƙi hawa kan babbar riga. Muttaka bai yi wata-wata ba ya yanke hukunci: a sa ta a ciki, a ɗora babbar riga a sama. Nan da nan kowane namiji ya koma kamar buhun auduga da aka yi wa aiki a wuya. Da aka zo kan hular kwano, Malam Abdurrahim ya ce shi bai taɓa tsayawa gaban jama'a ba hula ba.

"Wa zai cire wa Ciyaman hula ina tsaye?" in ji Muttaka. Ya ɗora kwanon a saman zanna-bukar, ya ɗaure igiyar a haɓa. Kwanon ya tsaya can sama yana lilo.

Suka shiga. Hajiya Ɗelu ta tsaya cak, ta dubi farin tudu, ta dubi tururin da ke fita daga bakin ɗanta.

"Ɗan nan," ta ce wa Muttaka, "a firij kuke ajiye mutane?"

"Wurin shaƙatawa ne, Hajiya."

"Laifin me suka yi?"

"Da kansu suke zuwa."

"Allah ya kyauta. To ina wuta?"

Tambayar da Muttaka ke jira ke nan tun ranar Alhamis. Ya ruga ya jawo jakunkunansa. Ya shimfiɗa tabarmi uku a gindin tudun, daidai inda masu sulu ke sauka, don a cewarsa baƙo ya sauko ya tarar da ɗumi. Ya fito da kasko, da gawayi, da kwalbar turaren wuta ta matarsa, da manyan filas biyu na kunun gyaɗa, da roba cike da ƙosai. 'Yan matan da ke sayar da tikiti suka leƙo ta gilashi suna kaɗa masa hannu. Ya kaɗa musu shi ma, ya ci gaba da fifita.

Abin baƙin cikin shi ne, da farko shirin ya yi kyau. Da garwashi ya kama, ƙamshi ya tashi, sai mutane suka fara barin tudu suna matsowa. Malayawa suka zauna a gefen tabarma, suka miƙa hannu. Basinen nan mai katin asibiti ya sha kunu kofi biyu, ya tambaya ko za a yi masa tapau, wato a ƙulla masa, ya kai wa surukarsa. Hajiya Ɗelu ta zauna a tsakiya tana ba wasu 'yan matan Indiya labarin auren jikarta da Hausa, suna gyaɗa kai. Muttaka ya yi ta zagayawa da filas, hular kwanonsa a karkace, yana cewa kowa ya saki jiki, nan gida ne.

Ya tsaya kusa da matarsa. "Maman Mubina, babur ɗin nan ki nemi mai saye."

"Turaren wa ka ɗauko?"

"Za a biya ki daga ofis."

Sha'aibu ya matso da kofi a hannu. "Darakta, kaskonka yana gajarta."

"Zama yake yi ya daidaita."

"Ɗazu ina ganin ƙafafunsa."

"Kai da ƙasa ka karanta. Wannan ƙanƙara ce, ka bar wa masu ita."

Kaskon ya ci gaba da nitsewa a hankali. Ruwan da ya narke ya bi ƙarƙashin tabarmi, ya yi nisa da wuta, ya sake daskarewa sumul kamar gilashi. Wani ɗalibi ya yunƙura zai tashi, tabarma ta tashi tare da shi. Ƙosan da aka manta a gefe ya koma duwatsu. Ma'ajin ƙungiya ya gwada ɗaya, ya riƙe muƙamuƙi ya koma gefe yana lissafa haƙoransa da harshe. Yara suka gano ƙosan ya fi ƙanƙara tafiya idan an jefa, aka raba runduna biyu, iyaye na tsawatarwa da Hausa, ana amsa musu da Turanci.

Kunu ya ratsa Hajiya Ɗelu, sai ta ce ita fa tunda ta zo, sai ta hau ta ga abin da ke kai mutane can sama. Aka yi ta ba ta baki, ta ce ta hau jirgi awa goma sha wani abu, tudun da bai kai jujin unguwarsu ba ne zai gagare ta? Dole Malam Abdurrahim ya bi ta. Da ya bi ta kuwa, kunya ta hana shi shiga taya kamar yaro, ya ce a ɗaura masa katakai irin na manya.

Muttaka ya sanar da cewa daga yau babu baƙon da zai sauka tudun nan shi kaɗai. Baƙo ba ya tafiya ba rakiya. Zai taka wa Ciyaman har ƙasa.

"Da ƙafa?" in ji Sha'aibu, da ƙarfi yadda Husainatu za ta ji. "Mutumin Pankshin guda?"

Muttaka ya dubi matarsa. Ta gyara tsayuwa. Ya ce a kawo masa katakai, mafi tsawo.

A saman tudu aka zaunar da Hajiya cikin taya, igiyar tayar na kwance a ƙanƙara kusa da ƙafar ɗanta. Malam Abdurrahim ya tsaya a kan katakansa ya sandare, yana duban ƙasa. Daga sama tudun ya fi yadda yake daga ƙasa tsawo, kuma Muttaka ma ya lura da haka.

"Bismilla, Ciyaman."

"A'a, Darakta, kai ne mai gida. Wuce."

"Ni in shiga gabanka? Ba a yi min tarbiyya haka ba."

"Na yafe. Wuce."

"Ko ka yafe, Hajiya na kallo."

"Ni dai wani ya wuce," in ji Hajiya Ɗelu. "Mazaunaina sun mutu."

Bayansu layi ya taru, ana ta cewa boleh, boleh, wato za ku iya, a tafi mana. Muttaka ya ga girmamawar tasa ba ta isa ba, sai ya ja katakansa da ƙyar ya zagayo gaban Ciyaman, ya juya wa gangara baya, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya rusuna kamar yadda ake yi wa manya.

Masu koyar da wasan nan sukan shafe mako suna fama da mutum kafin ya iya lanƙwasa gwiwa ya sauke nauyinsa daidai yadda katako zai tashi. Muttaka ya yi shi a karo ɗaya, saboda ladabi.

Ya tafi da baya. Bai saki hannun Ciyaman ba, don ba a fizge hannu daga hannun babba. Ciyaman ya biyo shi, babbar rigarsa ta cika da iska ta buɗe. Katakonsa na hagu ya saƙalo igiyar taya, Hajiya Ɗelu ta biyo su tana juyawa kamar faifai. Jama'ar da ke ƙasa suka miƙe, waya ta tashi sama ta ko'ina.

"Tsaya da mu," in ji Malam Abdurrahim.

"Yanzu kuwa, Ciyaman. Ya hanya?"

"Muttaka, ina birki?"

"Yana ƙasa. Ka saki jikinka."

"Me ke bayanka?"

"Baƙi ne."

Baƙin suka watse, waɗanda tabarma ta riƙe suka gudu da ita. Ayarin ya sauka kan ƙanƙarar nan mai santsi, gudu ya ƙaru maimakon ya ragu. Muttaka ya daki filas, ya daki robar ƙosai, sannan ya zauna daram a cikin ramin da kaskon ya haƙa wa kansa. Garwashi ya tashi sama. Kwalbar turare ta kife a kan abin da ya rage, kunu ya bi ta. Hayaƙi da tururi suka turnuƙe, wani irin ƙamshi mai nauyi ya cika ɗakin, kamar an haɗa ɗakin amare goma wuri ɗaya. Ciyaman ya wuce ta saman kan Muttaka ya shige cikin wani mutum-mutumin ƙanƙara har kafaɗa. Tayar Hajiya ta yi kewaye biyu ta tsaya a hankali a bakin tabarma, daidai inda ta bar takalmanta.

Ƙararrawar gobara ta ɗauka. Bayan ta, rufin ɗakin ya buɗe da ruwa.

Ruwa a cikin wannan sanyi ba ya daɗewa yana ruwa. Ya sauka kan shadda mai sitaci, ya tsaya. Kafin a kai ƙofa, manyan riguna sun ƙage yadda iska ta bar su. Gwaggwaro ya koma kwano. Malam Abdurrahim, da aka zaro shi daga cikin mutum-mutumin, hannuwan rigarsa a buɗe suke kamar zai tashi sama, ƙofa ta ƙi karɓarsa, sai da mutum biyu suka juya shi a kaikaice suka fitar da shi kamar allon talla. Ƙararrawar kuwa ba ta tsaya a hawa na bakwai ba. Aka kwashe kantin gaba ɗaya: masu cin abinci da cokali a hannu, masu aski da rabin kai, wata mata da takalmi ɗaya sabo ɗaya tsoho. Duk suka tsaya a titi cikin rana suna kallon 'yan ƙungiya na narkewa a jere, kowa da ɗan tafkinsa.

Puan Zaleha ta iso tare da 'yan kwana-kwana, da kayan biki a jikinta. Ta shiga ɗakin, ta dubi tudun da ya zaizaye, ta dubi ƙosai warwatse, ta dubi Muttaka da ke zaune a rami, katakansa biyu a sama, wandonsa na hayaƙi kaɗan-kaɗan. Husainatu da Sha'aibu na tsaye a kansa.

"Barka da dawowa, Puan," in ji Muttaka. "Ya taro? Ya amarya?"

"Encik Muttaka, wuta ka kunna a gidan ƙanƙara?"

"Baƙi sun ji sanyi."

"Sanyin suka zo saye."

"To ai shi ya sa ban kashe injin ba."

Hajiya Ɗelu, wadda ta ƙi fita don ta ce ba ta ga wutar da za ta kore ta ba, ta yafito manajar daga cikin tayarta, ta yi mata jawabi mai tsawo. Puan Zaleha ta dubi Sha'aibu.

"Ƙorafi take yi?"

Muttaka ya ɗago kai yana roƙonsa da ido.

"Ta ce a mayar da ita sama a sake," in ji Sha'aibu. "Ta ce amma a canja direba."

Puan Zaleha ta sunkuya, ta cire katin aiki daga ƙirjin Muttaka da yatsa biyu, ta juya wajen 'yan kwana-kwana.

"Ba ta ce an kore ni ba," in ji Muttaka. "Wataƙila sabon kati za a buga, da sabon muƙami."

Husainatu ta buɗe jakarta, ta ɗauko makullin babur, ta saka masa a aljihun rigar sanyi ta ja zif. "Gobe da hantsi. Gidan Malam Sha'aibu za ka fara."

"Miyar kuka," in ji Sha'aibu. "Kuma ka taƙaita gaisuwa, Darakta, kada tuwon ya huce."

Zuwa la'asar kowa ya watse. Waɗanda suka rage a gidan ƙanƙara su ne: Puan Zaleha, zaune a kan tayar yara tana kiran masu wurin a waya, 'yan kwana-kwana biyu, suna shanye kunun da ya tsira a filas na biyu, Basinen nan, wanda ya dawo neman katinsa na asibiti, Hajiya Ɗelu, tana jiran a mayar da ita sama, hular Ciyaman, da kwanonta a kai, a wuyan mutum-mutumin da ya rushe, sai Muttaka a cikin raminsa, ƙafafu a sama, don a duk ginin shi kaɗai aka ɗauka aikin kwance wa mutane katako, kuma bai san ta inda ake kwancewa ba.